Tsuntsayen da Na Gano a Kayen Saje Laminu

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙarshen shekara na lakwal ɗinmu ba, wato makarantar da nake koyarwa, na bara waccan, kuma ko na so mantawa mutanen Madarumfa ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga kasuwa, ƙuda ya sauka a tiren mai nama, sai wani ya ɗaga murya don in ji, ya ce, "Kar ka kore shi, abokin aikin Mushe ne." Ni kuma sai in yi kamar ina duba salula.

Bari in faro daga tushe. Ni malamin Faransanci ne a kwaleji, kowa Mushe yake kirana, wato Malam a bakin Faransa, har surukata. Piyano kuwa a Yamai na koya lokacin karatu, shekara biyu, sau ɗaya a mako. Wato na iya daidai gwargwadon da mutum zai ɗauki kansa gwani in babu gwani kusa, kuma a Madarumfa babu. Lakwal tana da wani piyano na lantarki da wasu baƙi suka bari, yana ofishin Dirakta an lulluɓe shi da tsohon zane, ana ɗora masa takardun jarrabawa. Ni na kaɗe masa ƙura, na riƙa taɓa shi da yamma in an tashi, ina jin kaina kamar wani abu.

Wata rana na tsaya sayen kifi banda wurin Inna Tsahara, wata tsohuwa da ke banda a gidanta kan hanyar tabki. Tana ƙulle mini kifin ta ce, "Mushe, an ce kai ka taɓa abin nan mai haƙora hwari da baƙi? Maigidana ma da shina taɓa shi."

Na san labarin maigidan nata sama-sama. Saje Laminu, tsohon soja ne da ya yi aiki a ƙungiyar masu bushe-bushen soja, ya yi ritaya ya dawo gida, ya rasu shekara goma sha ɗaya kafin wannan rana. Abin da gari ya riƙe a kansa shi ne, kullum da safe in masunta suna shiga ruwa, shi sai ya samu gindin itace a bakin tabki ya zauna da kaye, wato littafin rubutu, da biro yana ta ɗige-ɗige. Har suna suka sa masa, Mai Zanen Tururuwa, don duk wanda ya leƙa kayen layuka kawai yake gani da baƙaƙen abubuwa suna hawa suna sauka. An ɗauka soja ne ya taɓa masa kai.

Inna ta kai ni ɗakinsa. Ɗaki ne mai duhu, da 'yar taga guda tana kallon wurin banda. Ga ɗan ƙaramin piyanonsa na bateri ya mutu tuni, ga kaye mai shuɗin bango irin na 'yan lakwal a kansa, a buɗe.

"Yadda ya bar shi hakanan shike," in ji ta. "Ni ban iya karanta shi, amma ban ruhe shi ba."

Na ɗaga na kai bakin ƙofa na duba. Ashe kiɗa ne a rubuce, tsaf, da layi biyar-biyar da ya ja da hannunsa. Na roƙe ta ta ara mini, ta ce atafau kayen ba ya kwana waje. Da kyar ta ba ni daga azahar zuwa la'asar. Na hau babur a guje na kai wa mai fotokofi, na tsaya a kansa ina ce masa ya yi sauri, na mayar mata kafin a kira salla. (Ku riƙe wannan: ban zauna na dubi ainihin kayen a cikin haske ba, ko na minti biyar. Fotokofi na ɗauka na tafi da shi gida ina murna.)

Kiɗa goma sha bakwai ne a ciki, gajeru-gajeru, babu wanda ya wuce minti biyu. Kowanne da sunansa da Hausa a sama. Akwai "Shamuwa Ta Sauka", akwai "Kwaɗi Bayan Ruwan Farko", akwai "Iska a Gonar Gero". Dirakta ya yarda na kai piyanon gida, na fara binsu ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi tun daga na farko na san ba da wasa bawan Allahn nan ya zauna a gindin itace ba. A na kwaɗin, hannun hagu ne ke tsalle can ƙasa, murya biyu suna amsa wa juna, ɗaya mai kauri ɗaya 'yar siririya mai rawar kai, har matata Balki ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana dariya, ta ce, "Kai, wanga ai kwaɗin bayan gidanmu ne!" Ban gaya mata sunan kiɗan ba. Na iskar gero kuwa ba shi da wani ƙarfi, yatsu ne ke shafawa su tafi su dawo, amma in ka taɓa tsayawa a gona wajen watan takwas gero ya kai wuya, to ka san abin da yake faɗi. Na ji daɗi, na kuma ji kunya a madadin garinmu. Mutum yana zaune cikinmu da irin wannan, muna ce masa mai tururuwa.

Da na koma na gaya wa Inna abin da na samu, ta ci gaba da juya kifi a kan waya. Can ta ce, "Mushe, ni abu guda nika so. Garin ga ya yi mishi dariya shina da rai. Ina so su ji shi ko sau guda, da kunnensu, kahin in bi shi." Na yi mata alkawari. Na buga ƙirji ma, don ni ba na yin alkawari a hankali.

To, sai kiɗa na ƙarshe a kayen, mai suna "Tabki da Sassafe". A nan ne shaiɗan ya same ni a zaune.

Ga wanda bai san rubutun kiɗa ba, abin ba wuya: layi biyar ne, kowane ɗigo a kansu sauti ɗaya ne, in ɗigon yana sama sautin siriri ne, in yana ƙasa mai kauri. Saje kuwa ɗigonsa ƙanana ne, da bakin biro kawai yake yi. A sauran kiɗan sha shida komai a tsare yake. Amma a wannan shafi biyu, ban da kiɗan da ke tafiya a hankali a kan layukan, akwai wasu ƙananan ɗige-ɗige barbaje can sama, wasu a tsakanin layi, wasu ma a inda babu layi ko kaɗan. Ba su da 'yar sandar da ke jikin sauran ɗigon, ba su bin ƙidaya, ba su bin kowace doka da aka koya mini a Yamai.

Mai hankali da ya tsaya ya yi tambaya. Ni kuwa sai na ce, "Allahu akbar, a nan Saje ya wuce doka!" Na zauna na yi tunani mai zurfi (irin zurfin da ke kai mutum rijiya), na gano cewa waɗannan ɗigo kukan kirinjijiya ne, agwagin nan masu fito da ke tashi daga tabki garke-garke da sassafe. Ba su bin ƙidaya saboda tsuntsu bai san ƙidaya ba. Da wannan fassara ta zo mini har tsigar jikina ta tashi. Na ƙirga su, arba'in da uku. Na ba kowanne sautinsa, waɗanda suka faɗa a fili kuma na auna da 'yar ƙaramar sanda na ƙiyasta musu. Mako shida ina fama, ƙaramin yatsana na dama har ya kumbura don miƙewa zuwa ƙarshen piyano.

Balki ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka mata. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Abban Nana, sauran duk suna da daɗi, amma wanga in ka zo wurin nan, kamar kaza na tsattsagar tire."

Na dube ta da tausayi. Na ce mata akwai kiɗan da sai kunne ya yi ilimi kafin ya gane shi. Ta ce, "To, Allah ba kunnena ilimi," ta ci gaba da tankaɗenta.

Dirakta ya ba ni minti goma sha biyar a ranar biki, tsakanin wasan kwaikwayon 'yan aji uku da rabon kyaututtuka. Ranar Asabar ce, bayan la'asar, a filin lakwal ƙarƙashin itacen bedi. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, mutane sun gama shuka, kowa fuskarsa a sake. Iyaye sun cika benci, ga masu lambu, ga masunta a tsaye can baya, ga manyan baƙi a kujerun gaba da ruwan sanyi a gabansu. Inna Tsahara ta ci ado da sabon zane, an ba ta kujera a layi na biyu, ta rungume kayen a cikin kallabi. Ni kuwa kwat na sa, da karabat ɗaure a wuya, a wannan zafi. Ko angon da ya ci bashi bai kai ni gumi ba, amma ina jin cewa tarihi ne ke shirin faruwa kuma dole a same ni cikin shiri.

Na fara da na shamuwa. Da farko ana ta hira, yara na guje-guje, sai a hankali na ji wurin yana lafawa. Da na shiga na kwaɗi kuwa, kafin in kai rabi wani manomi ya yi ihu daga baya, "Kai! Kwaɗi!" Wuri ya ɗauki dariya, irin ta jin daɗi, 'yan aji ɗaya suka durƙusa suna tsalle. Na iskar gero ya sa tsofaffi gyaɗa kai. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa. Na saci kallon Inna, na ga tana murmushi tana kallon ƙasa. Da a nan na tsaya, da yau ni mutumin kirki ne a garin nan.

Sai na miƙe na karɓi mikoro, abin magana. Na zaro jawabi shafi huɗu daga aljihun kwat. Na ce wa jama'a abin da suka ji duk share fage ne. Na ce yanzu za su ji ƙololuwar hikimar Saje Laminu, wurin da ya bar sauran masu kiɗa a baya. Na ce akwai sauti arba'in da uku da ya ɓoye a saman shafi, waɗanda ba kowane ido ke ganinsu ba, kuma Allah ya nufa ni ne na fara gane ma'anarsu. (Har da "Allah ya nufa". Balki ta ce a nan ne ta fara addu'a.) Na ce su rufe ido su ga kirinjijiya na tashi daga tabki.

Na zauna na kaɗa. Ban kuskure ko ɗigo ɗaya ba, duk arba'in da ukun na ba su hakkinsu, kyank, kyank-kyank, kyank. Da na gama aka yi tafi irin na kara, irin wanda ake yi wa ɗan maigida. Ni ban lura ba. Abin da na lura da shi, Inna ta daina murmushi, ta karkata kai tana dubana kamar na kira ta da sunan da ba nata ba. Sai na fassara shi da cewa daɗi ne ya yi mata yawa.

Don in cika aikin, na roƙe ta ta fito gaban jama'a da kayen. Ta fito a hankali. Dirakta ya karɓi mikoro ya riƙe mata daidai baki, don mutum ne mai son a yi abu bisa tsari. Na kwance kallabin, na buɗe shafin, na ɗaga shi sama kowa ya gani, sannan na ce, "Inna, ki gaya wa jama'a, ashe haka Saje ke son kirinjijiya?"

Ta ce, "Wace kirinjijiya?"

Na nuna mata da yatsa, ina murmushin masana. Ta karɓi kayen, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta sake kusantowa. Sai ta sa farcen babban yatsa ta ɗan kankara ɗaya daga cikin tsuntsayena. Ya fita. Ta dubi farcen.

"Mushe," in ji ta, kuma amsa-kuwwa ta kai maganar har bakin titi, "ai wanga kashin ƙuda ne."

Na dubi shafin. A cikin hasken rana, ɗigon Saje shuɗi ne na biro, nawa kuwa ja-ja ne, kalar ƙanzo. Injin fotokofi ne ya mayar da su duka baƙi. Inna kuwa ba ta san ta kashe ni ba, sai ta ci gaba da bayani cikin natsuwa, Dirakta na riƙe da mikoro bai motsa ba: "Ai nan ne ya bari buɗe. Shekara goma sha ɗaya, ga banda ina yi bakin taga. Ƙuda kau ka san ba su da ta ido."

Daga nan wuri ya fashe. Ban taɓa ganin dariya irin ta ranar ba. Wani babban baƙo ya cire tabarau yana share hawaye. Masunta suna dafa juna don kada su faɗi. Wani malami abokin aikina ya bar kujera ya tafi bayan aji, ina jiyo shi daga can. Na nemi Balki da ido don in samu ko mutum ɗaya a gefena, na tarar ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Na yi fatan ƙasa ta tsage, ƙasa kuwa ta sha ruwa ta yi lumus, ba ta da niyya.

Amma abin da ya fi kunyar zafi ya zo daga baya. A cikin hayaniyar na ji wani ya ce, "Saje dai! Da tururuwa, yanzu ƙuda." Matar nan abu ɗaya ta roƙe ni, a daina yi wa mijinta dariya, ni kuma na tara mata gari kaf na ba su sabuwar dariya da za su yi shekara goma suna yi.

Ita ma ta ji. Na ga fuskarta ta canja. Ta rufe kayen, ta dube ni ta ce, "Zamna. Ka kaɗa shi yadda mai shi ya rubuta."

Na ce a hankali, "Inna, ban koye shi haka ba. Hannuna ya saba da..."

"Ni na iya," in ji ta. "Shekara nawa nika jin shi ina dama koko? Ka bi ni, ka bar ma ƙuda nasu."

Ta ja mikoron da hannun Dirakta duka, ta fara rera shi da hanci, ba kalma ko ɗaya. Muryar tsohuwa ce, tana ɗan rawa, amma ba ta kauce ba. Na zauna, na naɗe ƙaramin yatsan nan da ya sha wahalar banza, na bi ta. Sai ga kiɗan ya fito, wanda mako shida ina tattake shi ban ji shi ba. Hannun hagu yana bugawa a hankali, sau biyu ya huta, sau biyu ya huta. Na dama yana tafiya a kansa, sauti kaɗan, da fili mai yawa tsakaninsu. Filin nan da na cika da ƙudaje, ashe da gangan Saje ya bar shi.

Dariyar ba ta tsaya lokaci ɗaya ba, ta riƙa raguwa ne daga gaba zuwa baya. Kafin mu kai ƙarshe, har kukan wata akuya a bayan katanga ana ji. Da muka tsaya ba wanda ya tafa. Sai wani tsohon masunci, Baba Ɗan Tani, wanda ya fi shekara hamsin yana kwanciya bisa gora yana kamun kifi a tabkin nan, ya ce daga inda yake tsaye, "Wanga ruwa ne ka bugun gora. Da sahe, in ba iska, kahin rana ta hito. Hakanan shika yi." Sannan ya ƙara, "Ashe abin da mutumen ga ke saurare ke nan, muna wuce shi muna dariya. Mushe, ƙara muna."

Sau uku muka kaɗa shi. A na ukun mata suna binta da hanci. Aka yi guɗa har Dirakta ya manta da rabon kyaututtuka sai da aka tuna masa. Inna ta naɗe kayenta cikin kallabi, hawaye na zuba tana dariya, ta ce mini, "To, yanzu shi ne." Daɗin da na ji a lokacin ya kusa mantar da ni cewa ina sanye da kwat jiƙe sharkaf, kuma sunana ya riga ya lalace.

Washegari na je gidanta da reza da auduga, muka zauna a tsakar gida muna kankare shafin a hankali, tana nuna mini ina cirewa. Da muka zo kan na ƙarshe, wani ɗan ƙarami can a kusurwar sama, ta riƙe hannuna ta ce, "Bar wanga. Kai ma ka sha wahala kansu, kar ka tashi a tutar babu."

Yanzu 'yan lakwal huɗu suna koyon kiɗan Saje, kuma a bakin tabki an daina cewa Mai Zanen Tururuwa, sai dai Saje mai piyano. Ni ne na gaji sunan ƙwari, Mushe Mai Ƙuda, har a takardar gayyatar suna an taɓa rubuto mini shi. In na kaɗa "Tabki da Sassafe" kuwa, bayan sautin Saje na ƙarshe ya lafa, nakan miƙa ƙaramin yatsa in taɓa wancan guda ɗaya, kyank, in Inna na wurin ta yi dariya.

Abin da na koya bai fi wannan ba: in mace ta ce maka abu ya yi kama da kaza na tsattsagar tire, ka ajiye iliminka ka je ka duba tiren. Kuma duk ranar da na ga wata hikima da ba wanda ya taɓa gani sai ni, kafin in nemi mikoro, farce nake fara sa mata.